A Bar Baba Ya Taka

Unguwar Arawa,
Gombe.
Nuwamba, 1976.

Zuwa ga Yayana Timoti,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, tare da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Janet da yara. Ina roƙon Allah ya ƙara muku ƙarfin jiki, ya tsare ku a kan titunan Ikko da muke jin labarin cunkosonsu a rediyo, ya kuma sa albarka a aikinka na bakin ruwa. Mu nan duk lafiya lau muke. Mama tana nan yadda ka san ta, hannunta bai huta ba, bakinta ma haka. Maigidana George ya koma sabon ofishin gona tun da aka ba mu jiharmu, ni kuwa ina nan da 'yan aji huɗu suna cinye mini murya kullum. Damina ta yi kyau, motocin auduga sun fara shigowa gari. Tun da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan kowa ya hau babur, har mai gadin makarantarmu yanzu da hon yake gaishe ni.

Takardarka ta iso, na ga faɗan da ka yi mini, na kuma shanye. Ka ce wani ya zo Ikko ya gaya maka ya ga Baba a hanyar Bagadaza da sanda, yana tafe a ƙasa yana gumi kamar wanda bai haifa ba, ka ce kunya ta hana ka cin abinci ran nan, kuma kafin Kirsimeti za ka aiko masa da mota da direba. Wanda ya kai maka labarin bai yi ƙarya ba, Baba ne ya gani. Sai dai rabin zancen ya kai maka. Ina roƙonka ka zauna ka karanta sauran kafin ka sayi ko da taya ɗaya, domin lafiyar Baba ce a ciki.

Ka tuna bara da ka zo, ka tara mu ka ce daga yau Baba ya huta. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin layin dogo a ƙasa yana dubawa, ya yi ritaya ya kama gona, ka ce wahala ta isa. Aka ba da aron gonar. Ka aiko da kujerar nan mai laushi, da kwalaye na madarar gwangwani da sukari da man shanun Turawa da shinkafar waje, ka kuma shirya da Elias mai tasi ya riƙa kai shi sujada. Mu ma muka karɓi aikin hannu bibbiyu, don wa zai so a ce bai san darajar tsoho ba? In Baba ya miƙa hannu zai ɗauki buta, sai wani ya riga shi. In ya tashi zai ɗaure akuya, sai Mama ta daka masa tsawa ya koma ya zauna. Shayinsa na safe don kauri cokali ya kusa tsayawa a ciki, nama kuwa duk inda kitse ya fi yawa kwanonsa yake nufa. Watannin farko kumatu suka fito, fata ta yi sheƙi, a ƙofar majami'a kowa na cewa Alfred ya ci moriyar ɗa. Ina jin daɗin maganar, ba zan ɓoye maka ba. Amma kafin damina ta faɗi riguna sun matse shi, ƙafafu sun kumbura, daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya yana haki. Abin da ya fi tsorata ni, Baba ya daina tsokanar mutane, sai gyangyaɗi da rediyo a cinya. Muka kai shi asibiti, likita ya ce jininsa ya hau, suga ma ta fara leƙowa. Ya ba da ƙwayoyi, ya ce a rage gishiri da maiƙo da zaƙi, a kuma riƙa motsa jiki. Baba ya yi godiya, ya dawo gida ya hau kujerarsa.

Daga nan ne likitoci biyu marasa takardar shaida suka taso mana. Ta farko Goggo Dokas, yayar Baba ta Bagadaza, wadda ta goye shi yana jariri kuma har yau ba ta bari ya manta ba. Ta zo ta tsaya a kansa ta dube shi sama da ƙasa, ta ce an mayar mata da ƙane ragon Kirsimeti. Ita a wurinta tsawon rai a tukunya yake. Ta ce a dube ta, ta girmi kowa a dangi, haƙoranta suna nan, kuma in ba sujada ko jana'iza ko dubiya ba ba ta fita ko ƙofar gida, amma tun da take ba ta taɓa cin abin da aka rufe a gwangwani ba. Tuwon dawa, miyar kuka ko yakuwa da daddawa, kwaɗon zogale, sai kunu ba sukari. Na biyu kuwa Malam Iro, maƙwabcinmu Bakatsine mai sayar da tasoshi a babbar kasuwa, aminin Baba tun zuwanmu Gombe. Shi dariya ya yi wa zancen Goggo. Ya ce shi ba abin da ba ya ci, tsire, balangu, har kakiɗe yake lasa, amma tun da ya buɗe rumfa bai taɓa hawa ko keke zuwa kasuwa ba, ga shi 'ya'yan cikinsa ba sa iya jera kafaɗa da shi a hanya. A ganinsa ciki ba ya kashe mutum muddin ƙafa tana aiki, zama ne ke kisa.

Kowannensu ya gwada maganinsa, kuma wallahi Yaya duka biyun sun sha ƙasa. Goggo ta fara aiko da tuwonta a langa, Elias yana biyowa da shi. Baba yakan wanke hannu ya cinye tas yana yabawa, ya ce ya tuna gida, sannan in an jima Mama ta kawo shinkafarta mai naso ya ce ai ba a mayar da hannun matar gida. Wato maimakon abinci ɗaya ya koma biyu. Malam Iro kuma ya lallaɓe shi suka fara fita da yamma, muna murna. Ashe iyakar tafiyar wurin mai tsiren bakin titi ne, su zauna a benci su yi kaca-kaca, Baba ya dawo da ƙuli-ƙuli a gemu yana cewa yau sun sha hanya.

Mama ce ta tona asirin ba da niyya ba. Ka san ba a mayar da kwanon mutum wayam, balle na yayar miji. Sai ta riƙa cika langar Goggo da abin da ta fi ji da shi, shinkafa da nama yana iyo cikin mai, ta ɗora ƙwayoyin sukari a kan murfi. Da farko Goggo rabar wa maƙwabta take yi. Ran nan ta tambayi Elias ko wannan na baƙi ake dafawa, shi kuwa bawan Allah ya ce a'a, ai shi ne abin da Baba yake ɗorawa a kan tuwonta. Yaya, da ka ga saƙon da ya dawo da shi! Ta ce langarta ta daina hawa mota. Duk mai son tuwonta ya zo ya ci a gabanta, ya kuma zo da yunwarsa, kuma in ta ji ƙarar tasi a ƙofarta to ƙyauren ba zai buɗu ba, don ba ta yarda da Elias da abin da zai ɓoyo a bayan mota ba. Ta ƙara da cewa wannan ba shawara ba ce, umarni ne daga wadda ta goye shi. Baba da yake iya musu da fasto, bai iya musu da Goggo ba. Malam Iro kuwa har ƙasa ya kai don dariya, ya ce tsohuwa ta shigo layinsa ba ta sani ba, shi zai riƙa raka Baba kafin ya wuce kasuwa.

Fitar farko na bi su a baya. Baba ya zauna a gindin kusan kowace bishiya da ke hanya, yana zagin Iro da Goggo da kai da ka saya masa kujera. Da suka isa, Goggo ta kama hannunsa ta shinshina, ta shinshina gemunsa, sai da ta tabbata ba ƙamshin tsire sannan ta shimfiɗa tabarma. Malam Iro ma aka zuba masa nasa a zaure, yana ci yana ƙorafin miya ba mai, yana neman ƙari. Haka aka ci gaba, yau da daɗi gobe ba daɗi. Mama ta yi fushi na 'yan kwanaki, ta ce an raina girkinta, daga baya da ta ga ƙafar mijinta tana saɓewa ita ma ta koma dakan dawa. Kwalayenka kuwa, kada ranka ya ɓaci, matan zumunta sun yi biki da su, sun kuma sa maka albarka.

Yanzu in ka ga Baba ba za ka ce shi ne na damina ba. Tsofaffin rigunansa sun karɓe shi, yana barci kamar yaro, bakin tsokana ya dawo har mun fara kewar shirunsa. Sandar da aka gan shi da ita ta korar karnuka ce kawai. Da muka koma asibiti likita ya auna shi ya sake aunawa, ya rage masa ƙwayoyi, ya ce duk abin da ake yi kada a fasa. Baba ya roƙe shi ya raba gardama, tuwo ne ko tafiya, likitan ya yi dariya ya ce shi ba zai shiga tsakanin tsofaffi ba, a riƙe duka biyun. Gardamar kuwa tana nan daram. Goggo tana cewa Iro ya yi ta tallar ƙafa, alhali wuni yake a rumfa ba abin da ke cikinsa sai fura, tsiren nan nasa ma tsinke ɗaya ne yake yi wa shela. Shi kuma ya ce matar da take surfe da niƙa da shara da jan ruwa tun asuba, in aka miƙe zirga-zirgarta ta tsakar gida ai ta isa Kaltungo, ta kuma ce wai ba ta motsa jiki. Sai su yi ta yi, ita daga madafa shi daga zaure, Baba a tsakiya yana zuga kowa. In ka tambaye ni, na fi karkata wajen Malam Iro kaɗan. Tuwon Goggo ya sauke kumburi, wannan ba shakka, amma hanyar ce ta dawo mana da fara'arsa, don a hanya yake gaisawa da mutane, ya leƙa wurin maƙera, ya ji wa ya haihu wa ya rasu. Kada dai ka faɗa wa Goggo na ce haka.

Na karanta wa Baba zancen mota. Sai ya ce kada in rubuta maka cewa ya ƙi, domin uba ba ya ƙin kyautar ɗansa, kuma ya san ƙauna ce ta sa ka. Amma ya ce in gaya maka, a watannin da ya yi bisa kujerar nan, duk abin da ya miƙa hannu sai a riga shi, har ya fara ganin kamar ya gama abin da ya kawo shi duniya, jira kawai ya rage. Ya ce har ya zaɓi wurin da za a kwantar da shi a ƙauye, kusa da kakanmu, bai dai faɗa wa kowa ba. Yaya, na yi kuka da na ji wannan, ina rubutawa ma idona ya cika. Mutumin nan kuwa a makon jiya ya je da ƙafarsa ya gaya wa wanda aka ara wa gona cewa baɗi da kansa zai noma gefen gyaɗa.

Na san abin da ke damunka. Ba ka so a ce ɗan Alfred yana babban ofis a Ikko, ubansa yana taka ƙasa. To masu faɗa su yi ta faɗa, ba su ne suka ji hakinsa ba. In mota ta tsaya a ƙofar gidan nan, kunyarka za ta sa ya shiga, Mama za ta tsaya a kansa sai ya shiga, Goggo kuma ta rufe ƙyaurenta, mu koma inda muka fito. Ina roƙonka don Allah ka bar maganar motar nan. In kuka zo Kirsimeti, ka ajiye taka a gida, ka bi su Bagadaza ko sau ɗaya, mu ga ko kai da tumbinka na ofis za ka iya cim musu.

Ka gai da Janet da kyau, ka ce ina nan ina jiran hoton jaririn. Ka shafa mini kan yara. Mama tana gaishe ku, George ma haka. Goggo Dokas ta ce a gaishe ka, kuma kai ma tana jiran ta gan ka ta duba abin da Ikko ta yi maka. Malam Iro da iyalinsa Saudatu suna miƙo gaisuwa, Elias kuma ya ce a gaya maka ya yi asarar fasinja amma bai yi baƙin ciki ba.

Za ka ga tsinken tsintsiya a cikin ambulan, kada ka yar. Baba ne ya taka, na karya daidai tsawon ƙafarsa. Ya ce in dai lallai sai ka aiko masa da abin hawa, to takalminsa ya cinye har yatsa yana leƙowa, ka nemo masa mai ƙwari wanda zai kai shi baɗi.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce ƙanwarka,
Hilda.