Me Kika Yi Masa?

Baffa,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Umma da su Usaini? Ina fatan ruwan bana bai ci shinkafarmu ta Guri ba. Ni lafiya lau nake a nan kudu. Kumburin fuskata ya sauka, kunnen hagu ne dai har yanzu ba ya ji sosai.

Saƙonka ya iso, wai in yi haƙuri in janye ƙara. Baffa, ba zan janye ba. Ɗan ƙwallon jami'armu ne ya tare min hanya, na ce ya kauce, ya kwaɗa min mari har na faɗi. Kowa, har kocinsu, tambaya ɗaya yake min: "Me kika yi masa?" Wai shi ke ci musu ƙwallo.

Ka tuna ranar da sanmu na huɗa ya tunkuyi ƙanwata Adila a mashaya? Ba ka tambaye ta me ta yi masa ba. Igiya ka ɗauko ka ɗaure shi, alhali duk gonarmu da shi ta dogara.

Umma ta aiko min da busasshen kifi. Ranar Litinin zan tsaya gaban kwamitin ladabtarwa. Igiyar nan nake nema, Baffa.

Allah ya ƙara girma.

'Yarka,
Suwaiba