Kin Leƙa Shafina na Ƙarshe

Zuwa ga sanyin idona, inuwata in rana ta take, matata kuma abokiyar faɗana,

Daga gadon asibitin da kika ƙi takowa nake rubuto miki. Tun ranar da likita ya cire tabarau ya ce mana ciwon ya ci jikina, sai dai lallaɓawa, kika ɗauki jaka kika koma gidan yayarki. Ƙanwata ce ke zama a kujerar gefena, tana ba ni ruwa da cokali, tana cewa in bar kallon ƙofa kada wuyana ya ƙage.

Ban yi fushi ba, na san halinki tun muna 'yan makaranta. Kin tuna shagon hayar littattafan nan? Kina tsaye, mayafi na zamewa, sai kin buɗe shafin ƙarshe tukuna. In masoyan sun yi aure ki rungume littafin. In ɗaya ya mutu ki mayar kan kanta kamar ya ƙona miki hannu. A nan na fara son ki, ina yi miki dariya, ashe kaina nake yi wa.

Littattafan nan sun cuce mu, masoyiya. Sun koya miki cewa masoyin gaskiya ba ya mutuwa, suma yake yi, a yayyafa masa ruwa ya farka a shafi na gaba. Wanne ne a cikinsu ya gaya miki yadda ake juya majinyaci don kada bayansa ya yi gyambo?

To, likita ya leƙa miki ƙarshena, kin mayar da ni kan kanta. Amma ni ba na haya ba ne, wa zai zo ya ɗauke ni bayanki? Tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji, kuma kewarki ta fi ciwon cin raina. Ina bushewa kamar shukar da aka manta a bayan ɗaki.

Ban ce ki yi jarunta ba. Ki zo ki yi kukanki, ki yanke min farce, ki ce na rame na yi muni. Shafukan da suka rage ba su da yawa, kuma ba zan iya juya su ni kaɗai ba.

Na sa ƙanwata ta koma tabarma. Kujerar na nan, ba kowa a kai.

Naki har inda numfashi ya tsaya, da bayan nan ma in Allah ya yarda,

Mijinki