Kallabin Hajjo Mai Ɗawisu

Zuwa ga Bahijja, sanyin idaniyata, inuwar gawona a tsakiyar bazara, ruwan randar da ƙishina bai san wani ba bayansa. Amincin Allah ya tabbata a gare ki, da Baffa da Inna, da duk wanda ya yi sa'ar ganin fuskarki a Shagari.

Yau kwana arba'in da ɗaya da kika bar Boɗinga. Gidanmu ya yi mini girma, Bahijja! Ina dawowa daga gonar albasa in yi sallama, bango ya mayar mini da muryata. Tabarmarki na jingine inda kika bar ta, adakarki ta kallabai na ƙarƙashin gado, ƙamshin kafur na fita daga cikinta yana tambayata ina mai ita. Me zan ce masa? In ce ni na kore ki da hannuna da bakina?

Kin tuna hantsin nan bayan mun kwashe albasa, da kika shanya kallabanki na alharini a inuwar darbejiya don su sha iska? Sai da kika sa na wanke hannu sau uku kafin in taɓa ko ɗaya. Kika nuna mini wanda aka naɗe gefensa da allura, kika ce ya girmi na keken ɗinki. Kika nuna mai ɗigo-ɗigo da tsofaffi ke kira idon zabuwa, da mai furanni ja da aka ɗaura wa wata amarya a shekarar fari. Kowanne da sunan mai shi da garinta a littafinki. Kika ɗaga na kakarki Hajjo, shuɗi mai ɗawisu biyu, tsarabar aikin hajjinta, rana ta ratsa shi ta sauka a kumatunki. Wallahi ranar na ga bakan gizo ba tare da hadari ba! Amma ke nake kallo, ban saurari abin da kike faɗa ba.

Da na saurara, da ban sayar wa dillalin tsofaffin kaya kallabin Hajjo ba, ranar da kika tafi suna. Da kika dawo kina kuka, da ban ce miki tsumma ne ba. Kaicona da wannan kalma! Harshena ya yi ɓarnar da asu bai yi ba cikin shekara hamsin.

Ba zan ɓoye miki ba, abar ƙaunata: na bi sawun mutumin har Sakkwato, aka ce ya wuce Kano, a can ma kallabin ya riga ya sauya hannu. Ban same shi ba, kuma ba na jin zan same shi.

Sai na buɗe littafinki, ki yafe mini. Na hau babur na bi sunayen da kika rubuta, Kajiji, Lambara, gida-gida, ina durƙusa a zaure ana yi mini iso wurin tsofaffi. Can na ga abin da kika daɗe da gani. Tsohuwa za ta ciro kallabi daga ƙasan adaka, ta ambaci mijinta da ya rasu, da ƙawarta, da ɗiyar da ta goya da shi. Ashe mutane kike tarawa, Bahijja, ni kuwa ina ganin ƙyalle!

A Lambara na sami Nana Fatima, aminiyar Hajjo, wadda suka yi hajji tare. Da na faɗa mata abin da na aikata, sai ta shiga ɗaki ta fito da irin kallabin sak: shuɗi, ɗawisu biyu, jela na taɓa jela. Rana ɗaya suka saya, a hannun mutum ɗaya. Na roƙe ta, ta ce: "Wanga ba na kasuwa na ba, kuma ba ni ba ka shi. Ka ce ma jikanyar Hajjo ta taho da ƙahwarta, in ɗaura mata da hannuna tun ina da sauran gani."

Ta tsufa ƙwarai, Bahijja, idonta ɗaya ya riga ya rufe. Ko ba don ni ba, ki je don ita. Ba na Hajjo ba ne, na sani, kuma ba zai goge abin da na faɗa ba. Amma ya ke farin watana, har yaushe gero zai jira damina? Har yaushe zan ci tuwo ni kaɗai, ina juya fuska ga bango?

Ranar Alhamis da hantsi zan kasance a Lambara, a bakin zauren tsohuwar. Ba zan shiga ba, ba zan tare ki ba. In kin fito kin wuce ni, zan gode wa Allah da na gan ki. In kin tsaya, ko ba ki ce komai ba, ya ishe ni. In kuma ba ki zo ba, Alhamis ta gaba ma ina nan.

Mijinki, wanda zuciyarsa ba ta da wata maƙwabciya sai ke, daga yau har ranar da za a miƙe shi a ƙasa,

Zainulabidin
Boɗinga