Na ce ma tobashina ya tahi ya nutse

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kahin ku zage ni, don na riga ku zagin kaina.

Ni lauya ne, ɗan Malanbil, shekara goma sha biyu ina sa baƙar riga. Kuma ina cikin sojan ruwa na wucin gadi, waɗanda ake kira in aiki ya yi yawa. A kotu Metir ake ce mini, laƙabin girmama lauya ke nan, a bakin gulbi Liyotana, muƙamina na soja. Mutum guda ne bai taɓa kirana da ko ɗaya ba: Mudi, ɗan kawuna na ƙauyen Garu, tobashina, mai jirgin fito. Shi "Baƙin kwaɗo" yake ce mini tun muna yara. Kun san wasan tobasai, ba a hushi, ba a riƙo.

Lokacin da anka ruhe gadar da ke tsakaninmu da garin Gaya, kowa ya koma tsallakawa ta ruwa, sai anka kira mu tsaron mashiga. Aikina ɗaya ne tak: jirgin da ya yi lodi hiye da kima in sauke shi. Ranar kasuwa da hantsi ga Mudi, buhunan albasa har sama, mutane bisa buhuna, ruwa saura yatsa huɗu ya sha bakin jirgi. Wallahi na gani, da idona na gani! Ya ɗago murya ya ce, "Baƙin kwaɗo, ka ba ni hanya ko sai ka karanto mini doka?" Jama'a sunka yi dariya. Ni kuma, wai kar tobashi ya ci ni gaban mutane, na ce, "Tahi ka nutse mu huta." Na ɗaga mishi hannu. Ko tsakiyar gulbi bai kai ba jirgin ya kihe. Mata biyu ba su hito ba.

Da jandarma sunka tambaye ni, mi kuke zato na ce? Na ce ina can gefe ina duba wani jirgi, ban ga tashinshi ba. Haka anka rubuta, wai ya tashi babu izni. Jama'ar da sunka ji mu kuwa kowa ya watse, ba mai son shiga maganar jandarma. Wata bakwai ke nan Mudi yana kaso.

Abin da ya gama kashe ni, kawu ya zo har ofishina, tsoho da sandarshi, ya ce, "Ɗana, don irin wannan rana munka kai ka lakwal ka yi boko. Ka hiddo ɗan'uwanka." Ta yaya zan ce mishi a'a? Yanzu ni ne lauyan Mudi. Ni da na san maganar da za ta rage mishi shekarun kaso tana cikin bakina, kuma in ta hita rigar lauya ta tahi, kakin soja ya tahi, wataƙila in kwana ɗaki guda da shi. Ina da mata da ɗiya uku. Wane irin lauya ne ke ɓoye shaidar da ta hi kowace ƙarhi don shi kanshi ne shaidar?

Mudi bai faɗa ma kowa ni na ba shi hanya ba. Shekaranjiya na kai mishi takardun shari'a kaso, na yi ƙarhin hali na ce, "Kai dai ka rame kamar busasshen kihi." Ina jira ya rama. Ya dube ni ya ce, "Ina kwana, Metir. Ina zan sa hannu?"

Metir! Na hita na zamna cikin mota na yi kuka kamar yaro.

Ran Talata za a shiga shari'a. In na yi magana gidana ya rushe, in na yi shiru Mudi ya tsuhe a kaso, kuma ko an sake shi na san tobashina ba zai dawo ba. Jama'a, don girman Allah, mi zan yi?