Na Daina Ce wa Likita Da Sauƙi

Ƙanena Ɗayyabu,

Assalamu alaikum. Yaya Inna da mutanen Durba? Ni lafiya lau, sai ɗan ƙullutun nan na wuya.

A Ingila ba ka ganin babban likita sai likitan unguwa ya ba ka takarda. Zuwana huɗu yana tambayar jiki, ni kuma, duk karatuna, sai in ce da sauƙi, irin tarbiyyar gidanmu. Bawan Allah ya yarda, ya sallame ni. Jiya na ce masa girma yake yi. Ya taɓa, ya daina murmushi. Laraba za a yanki kaɗan a gwada.

A yi mini addu'a. Kada ka ba Inna waya tukuna, ta fi likitan nan gane muryata.

Yayanka,
Ramalan