Haƙoran Kwikwiyo a Tantin Toktosun

Litinin, 2 ga Oktoba
Burul ta zo daga Bishkek da kwali a hammata. Na ɗauka ganyen shayi ne. Ashe kwikwiyo ne, baƙi mai farin ƙirji, ƙafafu kamar na ɗan maraƙi. Wai, "Inna, gidan ya yi miki shiru tun rasuwar Baba." Na ce mata ban kai ƙarar shirun wurin kowa ba. Ta sa masa suna Aktosh, ta sha shayi, ta bi motar yamma ta bar ni da shi. 'Yar da na haifa ke nan.

Laraba, 4 ga Oktoba
Ya cinye takalmina na roba, ƙafar hagu. Da na marigayi mijina Toktosun na je ɗebo ruwa, ina jan su kamar mai ciwon ƙafa.

Alhamis, 5 ga Oktoba
Bakin dardumar gashin da na shanya, da ludayin katako, da igiyar shanya. Kalicha, matar ƙanin mijina Asanbek, ta ce in shafa barkono a duk abin da yake ci. Na shafa wa takalmin dama. Ya lashe tas, ya yi atishawa, ya cinye dunduniyar. Na tsani dabbar nan.

Asabar, 7 ga Oktoba
Sadakar shekarar Toktosun ranar ashirin da ɗaya ce, dole tantinmu na gado ya tsaya a tsakar gida. Na shiga ɗakin ajiya na warware sandunan bangonsa. Duk inda sanda ta gitta sanda, igiyar fatar raƙumi ce ta haɗa su, kuma kowane ƙulli hannun Toktosun ne. Duk kaka yakan shafa musu kitsen jelar tunkiya kada su bushe su tsinke. Na yi yadda yake yi, na naɗe, na jingina da bango.

Asanbek ya leƙo. "Matar Yaya, tantin Babanmu ne fa. Mace ita kaɗai ba za ta iya kula da shi ba. Bayan sadaka sai in rage miki nauyi." Shekara guda yana wannan waƙar. A cikin tantin nan aka sauke ni ina amarya, a cikinsa aka kwantar da gawar mijina. Ko shayi ban ba shi ba.

Lahadi, 8 ga Oktoba
Liman ya zo maganar karatun sadaka, ya koma gida da takalmi ɗaya da rabi. Kunya kamar in nutse. Na kama ɗan banzan ta ƙeya na jefa ɗakin ajiya na kulle. Ya yi ta kuka, can ya yi tsit. Na ce yawwa, ya fara hankali.

Litinin, 9 ga Oktoba
Ba hankali ya yi ba.

Ƙullin da ke ƙasa duk ya cinye, iya inda bakinsa ya kai. Na ɗaga sandunan suka zube a hannuna kamar itacen girki. Shi kuwa yana kwance da ciki tim, gemu duk maiƙo. Ni na shafa kitsen, ni na kulle shi da shi, na sani, ba sai an gaya mini ba. Na bi shi da tsintsiya har bayan garke, shi a zatonsa wasa muke.

Na zauna a ƙasa cikin sandunan. Ko kuka bai zo ba.

Laraba, 11 ga Oktoba
Asanbek da Kalicha sun gani. Ita ta riƙe baki: "Tanti ne wannan ko ƙashin miya?" Shi ya ce zai aro mini na ƙarfe irin na kasuwa, sandunan kuma zai kwashe su tun kafin in ƙarasa su. Karen ma ya ce in bar masa, bindigarsa na nan.

Na ce kare naka ne bayan sadaka, ba na son jininsa a gidana kafin nan. Amma mijina ba za a yi masa addu'a a tantin aro ba. In namu bai tsaya da ƙafarsa ranar ba, ka ɗauka. A gaban Kalicha na faɗa, wato a gaban garin duka.

Asabar, 14 ga Oktoba
Babu fatar raƙumi a garin nan. Na samo ƙirgin bijimi wurin maƙwabta, na jiƙa, na yanka siri-siri. Shekaru nawa na yi ina miƙa wa Toktosun shayi yana wannan aiki, ashe ban taɓa kallon yatsunsa da kyau ba. Nasa ƙullin ƙanana ne, sumul. Nawa kamar kaska ta ƙoshi. Yatsuna duk sun tsage.

Na ɗaure shaiɗanin a turke, ya cika mini kunne. Na ɗauki guntun fata na jefe shi, da niyyar in same shi a ido. Ya cafe, ya kwanta, bai sake motsi ba har la'asar.

Talata, 17 ga Oktoba
Na tsinci haƙori a jikin sanda, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Na buɗe bakinsa, dasashi duk ya kumbura. Famfara yake yi. Wannan ba uzuri ba ne, Burul ma ta yi famfara ba ta ci tantin kowa ba.

Yanzu takalma na kan kanta, ɗakin ajiya a kulle, guntun fata kullum a aljihuna. Da ya ɗauki abin da ba nasa ba sai in daka masa tsawa, in karɓe, in cusa masa fatar. Tun Asabar bai ɓata komai ba. Burul ta kira waya: "Inna, kin fara sonsa ko?" Na ce na fara son in ga bayansa.

Asabar, 21 ga Oktoba
Maza suka kafa tanti da hantsi. Asanbek ya kama bango ya jijjiga da duk ƙarfinsa, har hularsa ta faɗi. Ya ɗauki hularsa, ya tafi wurin yankan dokin sadaka.

Muka shiga mu mata, muka juya fuska ga bango don kukan mamaci. Shekarar nan duka idona a bushe yake, Kalicha ta daɗe da yaɗa wannan. Na zauna, ba abin da ke gabana sai munanan ƙullina da shatin haƙora. Na ɗora hannu ina bin sandar sama, sama, har yatsana ya taɓa ɗan ƙarami mai santsi. Nasa. Daga nan ban san abin da na yi ba. An ce har bakin titi ana jina.

Ina cikin haka na ji sanyin hanci a gwiwata ta ƙarƙashin tanti. Ashe Aktosh ya ci igiyar turkensa. Ban ture shi ba ne don kada mata su lura.

Litinin, 23 ga Oktoba
Baƙi sun watse, Burul ta koma. Asanbek ya zo da bindiga da buhu, ya tuɓe takalma a ƙofa ya shigo.

"Matar Yaya, na zo ɗaukar kare."

Na ce ban gama da shi ba. Ni ya yi wa ɓarna, ni zan hukunta shi.

"Har yaushe ke nan?"

Na ce in na gama zai ji. Na zuba masa shayi, na tura masa borsok, soyayyen ƙullun fulawa, ya zauna yana ba ni labarin yadda kare ke lalata gida. Ta taga ina hango Aktosh ya ja takalmin Asanbek sabo, na fata, ya kai gindin tanti ya kwanta a kai.

Guntun fatar na aljihuna. Ban ciro ba. Na ƙara wa Asanbek shayi.