Maganin Baba Sai Ta Jini

Yaya Hadiza,

Ina gaisuwa. Ya gida, ya yara, ya ƙarfin jikin Malam?

Ni dai na kasa zaune na kasa tsaye. An kwantar da Baba a asibiti a Kano. Likita ya ce ƙwayar cuta dangin makero ce ta shiga ƙwaƙwalwarsa. Inna na jin haka ta shafe masa kai da man makero! Likita ya ce aikin banza ne, sai jini ya kai maganin, kuma ƙwaƙwalwa tana da shinge, ba kowane magani ke tsallakewa ba. Yanzu a ƙarin ruwa ake sa masa, mun zuba ido.

Ki gaida kowa, ku sa Baba a addu'a. Yaya, ki taho. Jiya da sunanki ya kira ni.

Ƙanwarki,
Rabi